Kalmomin da Baba Ya Cire wa Hula

Tun da aka sallamo Baba daga asibiti, kalma ɗaya ce ta rage a bakinsa. In an ce ga ruwa, ya ce, "To." In an ce a ɗauke ruwan, ya ce, "To." Wata rana Umma ta gwada shi, ta ce, "Malam, kai ne ka sace min takalmi?" Ya ce, "To." Ta yi dariya a gabansa, ta koma kicin ta rufe ƙofa, ba ta fito ba sai da idanunta suka kumbura.

Shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi. Ta ɗauke hannun dama da ƙafar dama, ta ja bakinsa gefe guda. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa yana koyar da Turanci a sakandare, wanda ko katin gayyata aka kawo gidan sai ya gyara kuskuren da ke ciki kafin ya tambayi ranar taron, yau shi ne a kwance ana juya shi kamar jariri.

Likitar da ke duba shi ba ta ɓoye musu komai ba. Ta ce, "Magana ta taɓu, wannan kowa ya gani. Abin da ban sani ba tukuna shi ne nawa yake fahimta. Wasu suna jin komai, amsar ce ba ta samun hanyar fita. Wasu kuwa maganarku a kunnensu kamar ruwan sama ce a kan kwano. Sai mun jira."

Aka ba su wasu katuna masu hotuna, kofi da kyanwa da gida, aka ce su riƙa kiran sunan abu shi kuma yana nunawa. Baba ya dubi katunan sau ɗaya, ya mayar da fuskarsa bango. Aka sake gwadawa washegari, ya rufe ido.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ce ba ta yarda ta ɗauki wannan a matsayin amsa ba. Yayanta kuwa ya ɗauka. Direban motar ɗaukar marasa lafiya ne, ya ɗauko irin Baba ba adadi, ya kuma mayar da wasu gida a yanayin da ba ya son tunawa. Ya ce mata, "Auta, kar ki wahalar da zuciyarki. Mu kula da jikin, shi ne a hannunmu." Ba rashin tausayi ba ne, ta san haka. Shi ke zuwa ya yi wa Baba wanka, ya aske masa gemu, ya yanke masa farce. Sai dai ya daina yi masa magana. A hankali kowa ma ya daina. A kansa ake tsayawa a ce, "An ba shi magani?" "Ya ci wani abu?" kamar ana maganar wanda ya yi tafiya.

Ita Auta tela ce. Tana da shago a jerin shagunan da ke kallon tashar mota, tsakanin mai sayar da zare da mai gyaran waya. Cikin 'ya'yan Baba ita ce Turanci bai zauna wa ba. Ya so ta zama malama, ta zaɓi keken ɗinki, kuma ko da yake shi ya saya mata na farko, ta daɗe tana jin kamar akwai wani ɗan bashi da ba ta biya shi ba. Abin dariya, da matan da ke ɗinki da surfani suka kafa ƙungiya, ita suka naɗa magatakarda. Suka ce ai 'yar malamin Turanci ce. Ta yi musu rantsuwa cewa ba a gadon wannan, suka ce ba su ji ba.

Ƙungiyar na shirin taron horar da sababbin mambobi, masu tallafa musu kuma sun nemi a yi ƙyallen sanarwa da Turanci. Ranar da abin ya faru, Auta ta biya wurin mai buga takardu ta karɓo samfurin da ya fitar a kan babbar takarda, don ta duba kafin a buga a ƙyalle. Ta kalle shi a tsaye, ta ga ya yi kyau, baƙaƙen sun cika ido. Ta naɗe, ta wuce gida don ba Baba shayinsa na rana.

Ɗakin karatunsa aka mayar masa ɗakin kwana saboda ya fi kusa da banɗaki. An fitar da teburinsa an sa gado mai ƙarfe a gefe, amma kantocin littattafai suna nan har rufi, suna ta shan ƙura. Ta gaishe shi kamar kullum, ya ce to. Ta jingina shi da matashi, ta ajiye takardar a ƙarshen gadon, sai takardar ta warware da kanta ta baje a kan bargo. Auta ba ta kula ba. Ta ɗebo shayi a cokali ta kai bakinsa.

Ya ƙi buɗewa.

"Baba, ya yi zafi ne?" Ta hura, ta sake kaiwa. Ya kau da kai.

"To," in ji shi. "To. To."

Ba irin wanda ta saba ji ba ne, wannan da nauyi yake fitowa. Ta gyara matashin. Ta taɓa goshinsa. Ta ɗauko fo daga ƙarƙashin gado, ya yi mata wani kallo da ya sa ta mayar da shi da sauri. Ya miƙa hannun hagu, mai lafiyar, ya bugi kofin, shayin ya malale a bargo. Auta ta yi wuf ta janye takardar kada ta jiƙe, ta ɗora a kan kantar littattafai.

Sai Baba ya yi wani gurnani daga maƙogwaro, irin wanda bai taɓa yi ba tun da ya kwanta. Umma ta shigo da gudu, hannunta duk kumfa.

"Me aka yi masa?"

"Ban sani ba, Umma."

Amma tana faɗa tana kallon idonsa, ta ga ba ita yake kallo ba, ba Umma ba, ba kofin ba. Kantar yake kallo. Ta sauko da takardar a hankali, idonsa ya biyo ta. Ta matsa da ita dama, ya bi ta. Ta shimfiɗa masa a cinya, ta tallafe ta da faifan tire.

Layi uku ne a jiki. Na farko sunan ƙungiyar, na biyu taƙaitaccen sunan, na uku taken taron:

Association Of Women In Tailoring And Embroidery
A.O.W.I.T.A.E.
The Work Of Our Hands Is What We Live On

Baba ya ɗora yatsa a kan kalma ta biyu ya danna har takardar ta lotsa. Sannan ya haɗa yatsu uku ya motsa su a iska.

"Abin rubutu yake so," in ji Auta.

Ta zazzage jakarta a kan gado. Almakashi, tef, maɓallai, allurai a jikin tsumma, babu biro. Sai guntun allin tela, shuɗi, wanda take zana layi da shi a kan yadi. Ta sa masa a hannu ta matse yatsunsa a kai.

Hannun bai saba ba, yana karkarwa. Da ƙyar ya kai shi inda yake so, ya ja layi a karkace a kan O ɗin Of. Ya huta. Ya ja a kan I ɗin In, ya ja a kan A ɗin And. Ya sauko layi na biyu ya soke O, ya soke I, ya tsallake T ya soke A ta biyu, sannan ya bi ɗigogin da ke tsakani yana murje su ɗaya bayan ɗaya. A layi na uku ya daɗe yana kallo. Ya soke O ɗin Of kaɗai, ya saki allin, ya jingina kansa yana numfashi kamar wanda ya hau tudu.

Umma ta ce, "Ɓata miki takardar ya yi?"

Auta ta fita tsakar gida ta kira yayanta a waya. Ta ce ba abin tashin hankali ba ne, amma in ya sauke wanda ya ɗauko, ya zo.

Ya zo da la'asar da rigar aiki a jikinsa. Ya karɓi takardar a bakin ƙofar ɗakin ya duba, sannan ya rage murya.

"Auta, gajerun kalmomi yake bi yana sokewa. Shekara da shekaru hannun nan na yin haka. Ni ma in kika tashe ni daga barci kika sa ni a mota, zan sa giya ban san na sa ba. Hannu ne ya tuna, ba kai ba."

"Yaya, da wane hannu yake gyaran takardu?"

Ba ta jira ya amsa ba, ta ci gaba.

"Da dama. Wannan da hagu ya yi. Kuma duba layin ƙasa. The gajere ne, ya bar shi. Is gajere ne. We gajere ne. On ma haka. Me ya sa ɗaya kawai ya soke?"

Ya sake kusanto da takardar. Suna nan tsaye a bakin ƙofa, sai abin ya fara dawo musu guntu-guntu, kowa da nasa. Suna yara, ranar da babu makaranta, Baba kan zaunar da su ya yanko kanun labarai daga jarida, ya koya musu inda ake sa babban baƙi a take. Shi hula yake kiransa. Auta ce ta tuna farkon. Kalmar da ke da suna ko aiki ko siffa, ta sa hularta. Ƙananan nan kuwa, su of da in da and da the, 'yan aike ne masu kai saƙo tsakanin manya, kansu ba hula suke tafiya.

"Sai fa in ɗan aike ne ya buɗe ƙofa," in ji Yaya a hankali, "ko shi ya rufe ta."

"Na farko da na ƙarshe," in ji ta. "The da On."

"Is kuma..." Ya shafa ƙeyarsa, ya yi 'yar dariya. "A kan Is na sha ranƙwashi. Ya ce kar ƙanƙantarsa ta ruɗe ni, aikatau ne, ma'aikaci ne cikakke, a ba shi hularsa."

Na taƙaita suna ma ya dawo. Kowace babbar kalma ta turo baƙinta na farko ya wakilce ta. 'Yan aike ba su da kujera a majalisa, sai in an rasa yadda za a furta sunan ne a aro ɗaya. Ɗigo kuwa, Baba kan ce wasu na sawa wasu ba sa sawa, amma shi a ajinsa ba ya son ganin kashin ƙuda a tsakanin baƙaƙe.

Yaya ya karanta abin da ya rage a layi na biyu. "A, W, T, E. Awte." Ya dube ta. "Kin ga, har ya sa wa ƙungiyar sunanki."

Dariyar ba ta daɗe a fuskarsa ba. Auta ta gane tsoro yake ji. Ya riga ya yi kukansa ya gama a inda ba wanda ya gani, ba ya son a sa shi ya sake daga farko. Ya ce, "Bari in gwada da kaina. Wanda bai taɓa gani ba."

Ya yage murfin kwalin magani, ya ciro biro daga aljihun rigarsa, ya jingina da bango yana rubutu. Ya daɗe a kai. Da ya gama Auta ta leƙa. Ya rubuta duka da ƙananan baƙaƙe, ya kuma sa tarko a ciki:

the man who is in the room is my father

Suka shiga. Yaya ya durƙusa a gefen gadon, abin da ya daɗe bai yi ba sai in zai ɗaga shi. Ya ce, "Baba, take ne na rubuta. A duba min."

Baba ya dube shi, ya dubi kwalin. Auta ta sa masa allin. A wannan karon ba sokewa ya yi ba. Ya ja 'yan layuka a ƙarƙashin t ɗin farko, alamar da yake yi wa ɗalibai in yana son a ɗaga baƙi. Ya yi a ƙarƙashin man, ya yi a ƙarƙashin who. Ya iso is. Auta ta ji Yaya ya riƙe numfashi. Allin ya sauka, ya ja. Ya wuce kalmar in bai taɓa ta ba. Ya iso the na biyu, hannun ya tsaya a kai, zufa ta tsattsafo a goshinsa. Ya ɗaga ya wuce. Ya ja a room, ya ja a is, ya ja a my, ya ja a father.

A nan bai saki allin ba. Ya ɗora shi a kan kalmar ƙarshe, father, wato uba, ya ƙwanƙwasa sau biyu. Sannan ya ɗago hannun da ƙyar ya dangwala a ƙirjinsa, har shuɗin ya fito a farar rigar. Ya zuba wa ɗansa ido.

"To," in ji shi.

Yaya ya miƙe ya fita. Suna jin ƙarar famfo a tsakar gida, ruwa na ta zuba, ya daɗe bai rufe ba.

Auta ta zauna a bakin gadon. Ta kama hannun Baba, allin ya shafe tafinta. Ba kuka ta yi ba. Ji ta yi kamar tun ranar da aka kai shi asibiti wani ya ɗaure mata ƙirji da igiya, yanzu aka kwance. Ta ce, "Sannu, Baba. Ashe kana nan." Ya matse yatsunta.

Umma da ke tsaye jikin kantar littattafai tun ɗazu ta tafa hannu a hankali tana salati. Can sai ta tsaya cak.

"Tsaya. Wato duk abin da ake faɗa a ɗakin nan yana ji?"

"Da alama, Umma."

"Har ranar da ƙanwarsa ta zo dubiya ta tafi, na zauna a nan ina..." Ta rufe baki da gefen mayafi. "Malam, ai ka san ba da zuciya ɗaya na faɗa ba. Gajiya ce."

Ɓarin bakin Baba mai lafiya ya ɗaga sama. Kafaɗarsa ta fara girgiza, wani sauti na fita ta hanci. Sai da suka ɗan tsorata kafin su gane dariya yake yi. Umma ta zauna a kujera ita ma tana yi tana share ido, tana cewa ai shi ke nan, daga yau sai a riƙa fita waje in za a yi gulma.

Da Yaya ya dawo, gaban rigarsa a jiƙe, ya sake durƙusawa. Ya ce, "Baba, na faɗi maganganu a kanka da bai kamata ba. Ka yafe min." Baba ya ɗora masa hannu a ka ya bar shi a nan. Daga baya Yaya ya tashi ya ce zai canza masa riga, kuma a karon farko ya tambaye shi wacce yake so, ya ɗago biyu. Baba ya nuna mai ruwan toka.

Ranar komawa asibiti Auta ta tafi da takardar da murfin kwalin. Likitar ta duba su da kyau, ta sa aka fassara mata abin da kowane layi ke nufi, don ta ce ita kanta ba ta taɓa sanin akwai doka a kan Is ba. Ta ce alama ce mai kyau ƙwarai. Ta kuma ja musu kunne kada su ɗauka gobe zai tashi yana lacca. Magana tana iya dawowa kaɗan, tana iya ƙin dawowa. Katunan hotuna kuwa, ta ce wataƙila a lokacin bai iya ba ne, wataƙila kuma ya ga an raina shi, ba mai iya sani sai shi. Ta ba su shawara su rubuta EH da A'A da manyan baƙaƙe a kwali, su riƙa tambayarsa yana nunawa, su kuma kawo masa abin karantawa na manya.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. In ya gaji yakan nuna wanda ba shi yake nufi ba, ya fusata, ya ture kwalin. Amma da safe, in hankalinsa a kwance yake, ana samun hira. A haka suka gano cewa tagar da suke buɗe masa don ya sha iska, haskenta ne ke damun idonsa. A haka kuma Auta ta tambaye shi ko shayinta na yi masa daɗi, ya ɗora yatsa a kan A'A bai ko yi jinkiri ba. Sukari take cikawa tun ranar farko.

Mai buga takardu ne kawai bai ji daɗin gyaran ba. Ya juya takardar yana ɓata fuska, ya ce, "Hajiya, wa ya yi miki wannan zanen? Ai manyan baƙaƙe sun fi cika ido. Kowa haka yake so."

"Malamina ne ya duba," in ji ta. "A yi yadda ya ce."

"Kuma sunan ya gajarce da yawa, zai bar fili a tsakiya."

"Ka ƙara masa girma."

Ya yi gunaguni ya zauna gaban na'urarsa. Ta tsaya a kansa har ya sauke kowace hula da aka ce a sauke, ya share ɗigogin, sannan ta fito.

Ta koma shago rana na tsaka. Akwai riguna a rataye da ke jiran hannu, akwai wata atamfa da ta yanka ba ta haɗa ba. Ta zauna gaban keke ta zura zare, ta ɗora ƙafa a kan feda. Sai ta ce bari ta ɗan kwantar da kanta a kan yadin, minti kaɗan.

Mai sayar da zare ce ta leƙo neman aron almakashi, ta tarar da ita tana barci, kumatu a kan atamfar mutane, baki a ɗan buɗe. Ta kira sunanta, ba ta motsa ba. Ta sauke mata labule, ta jawo kujerarta ta zauna a tsakanin ƙofofin biyu. Duk wadda ta zo karɓar ɗinki sai ta tare ta tun daga nesa, ta ce tela ba ta nan, a dawo gobe.